Tarbiyya a Gidaje Biyu: Sharhi a kan Littafin Purple Hibiscus

Chimamanda Ngozi Adichie ta fitar da wannan ƙagaggen labari da Turanci a shekarar 2003. A nawa ganin, babban jigonsa shi ne tarbiyya, wato yadda yaro yake kwaikwayon abin da ya ga iyayensa suna yi kullum.

Dabarar marubuciyar ita ce ta jera gidaje biyu na wa da ƙanwa, dukkansu Kiristoci mabiya ɗariƙar Katolika. Da yake addinin ɗaya ne, mai karatu ba zai ɗora masa laifin bambancin da ke tsakanin yaran ba. A Inugu, Eugene attajiri ne mai kyauta ga coci, amma a cikin gida hukuncinsa duka ne. Har tafasasshen ruwa ya zuba wa 'yarsa Kambili a ƙafa don ta kwana gida ɗaya da kakanta mai bin addinin gargajiya. A Nsukka kuwa, ƙanwarsa Ifeoma malamar jami'a ce mai fama da rashi. Tana addu'a tare da 'ya'yanta, tana dariya da su, tana barin su su yi gardama a wajen cin abinci. 'Ya'yanta suka tashi da baki, Kambili kuma, tana da shekara 15, magana sai ta maƙale mata a wuya.

Masu sharhi sukan tsaya a kan uban, amma ni ina ganin akwai darasi babba a wajen uwar, Beatrice. In mijin ya doke ta, sai ta shiga goge 'yan mutum-mutumin tangaran na falo, ba ta ce uffan ba. A nan yaran suka koyi shiru da rufa asirin gida. Shi ya sa da ta kashe mijin da guba, ɗanta Jaja ya ce shi ne, ya tafi kurkuku. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Inda littafin ya yi rauni shi ne an wanke Ifeoma fes, da wuya a ga aibinta, alhali ba gidan da ba shi da nasa. Duk da haka ya kamata ɗaliban adabin Hausa su karanta shi, su auna shi da yadda marubutanmu suke fito da iyaye a labaransu.