Jinjina Ga Masu Shirya Lagos Comic Con

Tun 2012 da Ayodele Elegba ya kafa Lagos Comic Con, masu zanen labari, marubutan almarar kimiyya da masu shirya wasannin kwamfuta suka samu dandalin haɗuwa a Legas. Abokai kan zo ayari guda, sanye da kayan jaruman da suke so, kayan da aka kwana ana yanka ana ɗinkawa. A can matashin mai zane ke baje littafinsa, ya ga mai karatunsa ido da ido, ya samu kuɗin buga na gaba. Wannan aiki ya cancanci jinjina.

Matasan Zangon Kwatano, abin nan a ƙofar gidanku yake: ku ƙetare iyakar Seme, sai Legas. Kuma ku ba baƙi ba ne a wannan fage. Tun 1969 Umaru Dembo ya kai yaro Kilba sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya, kafin nan Gandoki na Bello Kagara ya zaga duniyar aljanu. Ku je da telolinku da labaranku, a ji Hausa a zauren.