Mai gyaran firiji da kasuwar bazara

A Cadakori, ƙasar Gidan Runji, idan bazara ta kama zafi ya haura digiri 40, firijin mai sayar da ƙanƙara shi ne jarinsa. Ranar da ya daina sanyi, dole a nemo mai gyara ko daga Maradi ne.

Gwani ba ya saurin kunce kusa. Yakan dafa kwamfiresa, baƙin tulun ƙarfen da ke tura gas a bayan firiji, ya kasa kunne. In ya ji ƙas sannan shiru, sai ya duba rile, ɗan abin da ke tayar da injin, domin wutar kamfanin lantarki na NIGELEC da ke shigowa daga Katsina ta Gazawa tana hawa da sauka, kuma hakan na ƙone shi. In injin na gudu amma babu sanyi, sai ya ɗaura agogon gas mai fuska biyu, shuɗiya ta ƙaramin matsi, ja ta babba.

A nan ake bambanta hannu. Gas ba ya ƙarewa don an yi aiki da shi. Zagaye yake cikin rufaffen bututu, in ya ragu to akwai huda. Mai son jiki sai ya ɗura sabo ya karɓi kuɗinsa ya wuce. Gwani kuwa zai shafa kumfar sabulu a kowace gaɓa, ya zauna yana jiran inda za ta hura, ya liƙe wurin da wutar walda, ya sauya matatar gas. Sannan ya zuƙe iskar ciki da famfo, don ɗigon danshi ɗaya kan daskare ya toshe siririn bututun da ake kira kapilari. Daga nan ya karanta tambarin firijin: R134a ne ko R600a mai kama wuta, giram nawa, ya auna daidai.

Samun wannan sana'a yana bin yanayi. Daga Maris zuwa Mayu, balle azumi ya faɗo cikin zafi, waya ba ta hutawa. Hunturu na zuwa aiki ya ja baya. Masu dabara kan cike giɓin da wankin na'urorin sanyaya ɗaki na ofisoshi da otal-otal a Maradi, da kula da firijin rigakafi na asibitocin karkara, wanda ba a yarda ya fita daga digiri 2 zuwa 8 ba. Da yawa daga irin waɗannan firiji da hasken rana suke aiki, shi ya sa yaron shago mai hankali ke haɗawa da koyon wayarin sola.