Gyaran Jiki a Maiduguri: Ina Rabon Mace Mai Shekara Hamsin?

Duk faɗin Arewa, in aka ce gyaran jiki, Maiduguri ake kallo. Amarya a Kano ko Sakkwato ba ta jin ta kai sai an ce mai yi mata dilka 'yar Barno ce. Wanda ya ratsa layin masu turare a Kasuwar Monday ya san dalili: ga sandal, ga farce, ga gajiji, ga humra jere cikin kwalabe, kowane da ma'auninsa da lokacin amfaninsa. Ilimi ne na matan Barebari da Shuwa, mai jijiya har Chadi da Sudan, uwa ke miƙa wa 'ya. Amarya tana da makonninta na halawa da dilka da hayaƙi, maijego tana da kwana arba'in ɗinta na wanka da kunu. Amma in ka tambayi me aka tanadar wa matar da al'adarta ta fara wasa tana shekara 47, sai a yi shiru, ko a miƙo maka kayan amarya.

Ga shi kuwa tana cikin wani hali. A watan Afrilu, lokacin da zafin garin ke haura digiri 40, takan farka tsakar dare rigarta sharkaf, wani zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, zuciya na bugawa. Ta jiƙa zani ta yafa, barci ya ƙi dawowa. Matan da suka shiga wannan zango a 2021, shekarar da 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun wutar lantarki garin ya daɗe cikin duhu, ko fanka ba su samu ba. Gari na wayewa sai yara su ce Hajiya ta fiye faɗa, kishiya ta ce tsufa ne, wata maƙwabciya ta raɗa mata cewa a nemi tsari, ƙila sammu ne.

Abin da ke faruwa a jikinta sananne ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'ada na ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55, kuma ana tabbatar da hakan ne in wata 12 suka wuce ba jini. Ma'ajiyar ƙwai ce ke rage aiki, sinadarin istirojin ya ja baya, sai zafin jiki da bushewar gaba da raunin ƙashi su biyo. Wani dogon bincike da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna cewa zafin da gumin dare kan ɗauki kimanin shekara bakwai, matan baƙar fata kuma nasu ya fi jimawa.

Giɓin da gargajiya ta bari, kasuwa ce ta cike shi. A Facebook da TikTok da WhatsApp yanzu ana tallan gari da tsimi da gumba masu "daidaita homon", a haɗa da alƙawarin ni'ima, da maganin sanyi, wani lokaci har da dawo da al'ada. Galibinsu kayan mata ne da aka sauya wa suna. A nan nake ganin yaudarar take. Babu wata saiwa ko ganye da ke tayar da ma'ajiyar ƙwai bayan ta kammala aikinta, kamar yadda ban ruwa ba ya sa gero ya sake fitar da kai bayan girbi. Robar da ba ta da lambar NAFDAC, ba a kuma rubuta abin da ke ciki ba, mai sha ba ta san me ta haɗiya ba.

Wannan ba ya nufin a watsar da duk abin da iyaye suka bari. A tukunyar Barno akwai abin da ya fi na roba amfani. Miyar kuka da zogale da riɗi da kindirmo, da ƙananan busasshen kifin da ake ci har ƙayarsa, duk suna ba da sinadarin da ƙashi ke nema a daidai shekarun da yake saurin zaizayewa. Waken suya, wanda ake awara da shi a kowace unguwa, yana da wani sinadari mai kama da istirojin amma rarrauna. Wasu bincike sun ga yana ɗan rage yawan zafin, wasu ba su ga komai ba, shi ya sa ƙungiyar likitocin fannin ɗaukewar al'ada ta Arewacin Amurka, a matsayarta ta 2023, ba ta sa shi cikin magungunan da take ba da shawara ba. A ci awara don abinci ce mai gina jiki da araha. Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, in ba a cika masa sukari ba. Hulba tana sauke sukarin jini, don haka mai shan maganin ciwon suga ta faɗa wa likitanta kafin ta mai da ita shayin kullum.

Inda gargajiyar ke cutarwa shi ne inda ta ɗauki dabarar jego ta ɗora wa babbar mace. Gyaranmu ya ginu a kan zafi: ruwan zafi, garwashi, yaji, citta, kanumfari. Mace mai fama da tasowar zafi kuwa, yaji da shayi mai tururi da zama kan hayaƙi a rufaffen ɗaki su ne ke tayar mata da shi. Kanwa ta fi muni. Tun shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka danganta kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar masu jego. Matar da hawan jini ya fara leƙowa ba ta da buƙatar ƙarin gishirin da ke cikin kanwa. Haka nan cushe-cushen matsi a gaban da ya riga ya bushe, rauni kawai suke ƙarawa.

Wani abin sha'awa, fikihu ya riga gyaran jiki kula da wannan mace. A mazhabar Malikiyya, jinin da mace ta gani tsakanin shekara 50 da 70 ana tambayar mata masana ne a kansa, ko haila ce ko a'a. Wato malamai sun ɗauka cewa mata na tattauna wannan a tsakaninsu. Yau a islamiyyu ana tambayar hukuncin salla da azumi a kan jinin, a tsaya nan. Alhali jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa yana iya zama alamar kansar mahaifa, kuma mai tsimi da ta ce maganinta ne ya dawo da ƙuruciya tana iya jawo asarar watannin da za a ceci rai.

Maganin asibiti na maye gurbin homon yana nan. Tsoronsa ya bazu bayan wani bincike na 2002, amma likitoci yanzu suna ba da shi ga matan da zafin ya hana sakat, bayan an duba tarihin lafiyarsu.

Masu gyaran jiki na Maiduguri suna jin sirrin da likita ba ya ji, don mace takan saki baki a ɗakin dilka. Kira gare su: duk wadda ta ce muku jini ya dawo mata bayan ya ɗauke, ku ajiye kwalba, ku tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko asibiti mafi kusa a makon nan.