Bashi hanji ne: amana da barantaka a tsakanin lauyoyin *Suits*

Wasan kwaikwayon talabijin na *Suits*, wanda Aaron Korsh ya ƙirƙira, ya fara fitowa a tashar USA Network ta Amurka a shekarar 2011, ya ƙare a 2019 bayan zango 9 da kashi 134. Masu kallonsa da Faransanci sun san shi da ƙarin sunan *Avocats sur mesure*. Labarin na wani babban ofishin lauyoyi ne a birnin Niyok, ko da yake a Toronto ta ƙasar Kanada aka ɗauki mafi yawansa. Mai kallo zai iya ɗauka cewa shari'a ce jigon wasan, tun da lauyoyi ne taurarinsa, amma da wuya a ga alƙali ya yanke hukunci a cikinsa. Galibin ƙararraki a bakin teburin sulhu suke mutuwa. Abin da ke riƙe da wasan tun daga farkonsa shi ne bashin alheri, da tambayar wanda za a fara biya idan masu bin bashin suka taru a ƙofa lokaci guda.

Tushen bashin ya girmi labarin kansa. Jessica Pearson, shugabar ofishin, ita ce ta tsinci Harvey Specter yana ƙaramin ma'aikaci mai rarraba wasiƙu, ta biya masa kuɗin karatun lauya a Jami'ar Harvard. Shi kuma Harvey, da ya zama gawurtaccen lauya, sai ya ɗauki Mike Ross aiki, saurayi mai kaifin hadda wanda bai taɓa samun takardar shaidar lauya ba, alhali ƙa'idar ofishin ita ce ba a ɗaukar kowa sai wanda ya fito daga Harvard. Da wannan ɗauka Harvey ya yi wa Mike alheri, ya kuma ci amanar wadda ta yi masa alheri. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan, domin ya san barantaka: ubangida ya ɗauki yaro, ya ciyar da shi, ya ɗaukaka shi, yaro kuma ya rama da biyayya da rufin asiri. Abin da ya bambanta shi ne waɗannan barori da iyayen gidan nasu duk sun yi wata rantsuwa ta dabam a gaban kotu, kuma rantsuwar ba ta san ubangida ba.

Inda wasan ya fi nuna ƙarfinsa shi ne kashi biyu na ƙarshen zangon farko. Kafin Harvey ya dawo ofishin Jessica, ya yi aiki a ƙarƙashin Cameron Dennis, babban mai gabatar da ƙara, wanda ya koya masa tsayuwa a gaban kotu. Harvey ya bar wurin ne da ya gano maigidan nasa yana ɓoye hujjoji don ya ci shari'a, amma ya tafi bakinsa a rufe. Laifin ba ƙarami ba ne, domin tun 1963 Kotun Ƙoli ta Amurka, a shari'ar Brady da jihar Maryland, ta wajabta wa mai gabatar da ƙara ya miƙa wa wanda ake tuhuma duk wata hujja da za ta iya wanke shi. Da aka fara binciken Cameron, sai Harvey ya ƙi ba da shaida a kansa, ko da yake ya san gaskiya, har maigidan ya nemi ya juya laifin a kan yaron nasa. Donna Paulsen, sakatariyar Harvey, ita ce ta fitar da hujjar da ta adana ta kai wa Jessica ba da saninsa ba. Sa'an nan ne Harvey ya koma ya buɗe tsofaffin takardunsa, ya tarar da sunan Clifford Danner, wanda shi da kansa ya sa aka ɗaure kan kisan da bai aikata ba, ya kuma shekara 12 a kurkuku. A nan marubutan ba su tausaya wa tauraronsu ba. Sun nuna cewa shirun da Harvey yake kira riƙon amana, wani ne ya biya kuɗinsa da ƙuruciyarsa.

Malaman Faransanci da suke fama da koyar da *Le Cid* na Corneille a manyan azuzuwa za su gane wannan tsaka mai wuya, inda hakki biyu suke karo kuma kowanne halal ne. Sai dai Rodrigue yana auna zaɓinsa a fili cikin dogon zance, shi kuwa Harvey rufe ƙofa yake yi ya sa faifai.

Zango na biyu ya juya bashin ya zama ramuwa. Daniel Hardman, wanda sunansa yake jikin bangon ofishin, ya wawuri kuɗi shekaru biyar kafin nan, ya fake da jinyar matarsa mai ciwon daji alhali farkarsa yake kashe wa. Harvey ya kore shi ta hanyar barazanar tona masa asiri gaban matar. Da ta rasu, makamin ya mutu tare da ita, Hardman ya dawo neman kujerarsa. A wannan rikici Louis Litt ne ya fi cancantar nazari. Ƙwararre ne, ya daɗe yana wahala, amma kullum Harvey ake fifitawa. Hardman ya ba shi muƙamin da Jessica ta hana shi, shi kuma ya ba Hardman ƙuri'arsa, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wasan ya kira abin cin amana, amma Rick Hoffman ya taka rawar da gwaninta har mai kallo ya kasa ganin abin da Jessica ta taɓa ba Louis da za ta ce ya ci. Ita ma Donna a zangon nan ta lalata wata takarda don ta kare Harvey, aka sallame ta daga aiki, daga baya kuma ta bayyana cewa takardar jabu ce da Hardman ya dasa.

Raunin wasan ya fito ne lokacin da asirin Mike ya tonu a zango na biyar. Anita Gibbs, mai gabatar da ƙarar gwamnatin tarayya, ta gurfanar da shi kan zamba, kuma a bisa doka ita ce mai gaskiya, tun da mutane sun damƙa dukiyarsu da makomarsu a hannun wanda ba lauya ba ne. Amma marubutan sun zana ta a matsayin muguwa mai neman suna. Mike ya amsa laifi ya karɓi ɗaurin shekara biyu don kada ya ba da shaida a kan Harvey, wanda shi ne mataki mafi nauyi a duk wasan. Sai ga shi nan da nan an shaida wa mai kallo cewa da ya jira, da masu yanke hukunci sun sallame shi. A zango na shida ya fito kafin wa'adinsa, har aka ba shi izinin aikin lauya, bayan Jessica ta tsaya ta ce da saninta aka yi komai, abin da ya jawo mata rasa nata izinin a Niyok. Marubutan da suka iya tilasta wa Harvey ya dubi idon Clifford Danner ba su ƙara samun wannan ƙarfin hali ba. Ba su nuna ko mutum guda daga cikin waɗanda Mike ya tsaya wa da ya tashi da safe ya ji shari'arsa ta koma cikin shakku ba.

Daga nan sai dabarar ta zama al'ada. A ƙarshen zango na takwas Robert Zane ya ɗauki laifin da ba nasa ba, shi ma ya rasa izininsa. Sunan ofishin ya yi ta sauyawa, daga Pearson Hardman zuwa Pearson Darby, Pearson Specter, har Zane Specter Litt, kuma kowane sauyi wani tsohon bashi ne aka biya da haruffan ƙarfe a jikin bango. A 2023, shekara huɗu bayan ƙarewarsa, wasan ya hau Netflix ya zama wanda aka fi kallo ta intanet a Amurka a wannan shekara, wasu kuma don su ga Meghan Markle suka zo. Ƙungiyar da za ta nuna shi don muhawara ba sai ta bi zango tara ba: kashi na 11 da na 12 na zangon farko sun isa zama guda.