Mazaɓar Bauci ta Kudu Maso Yamma a Littafin Trevor Clark

Littafin da Trevor Clark ya wallafa a 1991 a kan rayuwar Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa aiki ne babba, gama marubucin ya yi aikin Di'o a ƙasar Bauci, ya kuwa san mutumin ido da ido. Amma sanin nan shi ya rinjayi alƙalaminsa. Mai karatu yakan ga Firayim Minista sarai, waɗanda suka zaɓe shi kuwa sai hange daga nesa.

Mazaɓarsa ta manoma ce. A Disamba 1959 aka fara jefa ƙuri'a kai tsaye a dukan Jihar Arewa, maza kaɗai, kowa ya nemi akwatin da ke ɗauke da alamar jam'iyyarsa. Ta NPC fartanya ce. To, manomin da dagaci ke karɓar harajinsa, alƙalin En'e ke yanke masa shari'a, ƙaƙa zai kauce wa fartanya? A 1964 ko akwatin ma bai gani ba, don an ce Alhaji Abubakar ya wuce ba hamayya, alhali 'yan adawa suna kukan an hana ɗan takararsu miƙa takarda. A nan ya kamata a tsaya a saurari Basayi da Bajari, amma hankalin Clark yana Ikko.