Wulwula Kulki: Nazari Kan Tsohuwar Hanyar Gina Kafaɗa

Daga cikin hanyoyin motsa jiki da ɗan Adam ya gada, da wuya a samu wadda masu horarwa na zamani suka raina kamar wulwula kulki, wato atisayen da mutum ke riƙe doguwar sanda mai nauyi a kai yana kewaya kansa da gadon bayansa da ita bisa wata ƙa'ida. Sukar da ake yi wa wannan atisaye iri biyu ce. Wasu na cewa wasan burge 'yan kallo ne, tunda nauyin da ake wulwulawa bai taka kara ya karya ba in an kwatanta shi da abin da mai ɗaga ƙarfe ke cirawa daga ƙasa, wasu kuma na ganin jefa nauyi ta bayan ƙeya hanya ce ta lalata kafaɗa. Duka maganganun biyu sun samo asali ne daga auna wannan fasaha da mudun da ba nata ba, kuma duk wanda ya tsaya ya duba yadda ake wulwulawa ɗaya tak daga farkonta zuwa ƙarshenta zai ga inda suka kauce.

Asalin wannan horo yana wurare biyu, Indiya da Iran. A Indiya, 'yan kokawar gargajiya suna atisaye a wani fili mai ƙasa mai laushi da ake kira akhara, kuma cikin kayan aikinsu akwai gada, wadda gora ce doguwa da aka kafa wa dunƙulen dutse ko siminti a kai, sai jori, wato manyan kulake biyu na itace da ake ɗorawa a kafaɗu ana wulwula su ɗaya bayan ɗaya. Gada ita ce makamin da ake zana Hanuman da shi, wanda 'yan kokawar Hindu ke ɗauka a matsayin majiɓincinsu, kuma har yau gada ta azurfa ce kyautar da ake miƙa wa zakaran manyan gasannin kokawa a ƙasar. Mai binciken al'adu Joseph Alter, a littafinsa na 1992 kan rayuwar 'yan kokawar birnin Banaras, ya bayyana yadda waɗannan kayan aiki suke cikin horon yau da kullum. A Iran kuwa, gidan atisayen shi ne zurkhane, kulkinsu na itace sunansa mil, kuma a shekarar 2010 hukumar UNESCO ta sanya al'adun wannan gida cikin jerin abubuwan gado na ɗan Adam.

Sojojin Ingila da suka zauna a Indiya ne suka kai kulkin zuwa Turai a ƙarni na 19, amma sai da suka rage masa girma da nauyi har ya koma kamar kwalba. Donald Walker ya bayyana shi a littafinsa na motsa jiki na 1834, Sim Kehoe ya yaɗa shi a Amurka da littafin da ya wallafa a 1866, daga nan ya shiga makarantu da barikokin soja, har ya zama abin gasa a wasannin Olamfik na St. Louis a 1904 da na Los Angeles a 1932. Bayan haka ya dusashe, wasannin ƙwallo da ɗaga ƙarfe da injinan motsa jiki suka maye gurbinsa. Yawancin masu sukar yau wannan ƙaramin kulki na makarantun Turawa suke gani a zukatansu idan an ambaci atisayen, alhali reshe ne kawai, kuma ba shi ne mafi ƙarfi ba.

Abin da ya bambanta kulki da sauran kayan nauyi shi ne inda nauyin yake. Idan mutum ya riƙe ƙarfe mai kilo 5 a tafin hannunsa, nauyin yana daidai inda yatsu suka kama shi, amma idan aka ɗaura kilo 5 ɗin nan a ƙarshen gora mai tsawon mita ɗaya, to da zarar gorar ta karkata, nauyin zai riƙa murɗa wuyan hannu da gwiwar hannu da kafaɗa da ƙarfin da ke ƙaruwa gwargwadon nisansa da hannun. Ƙa'idar kimiyyar motsi ta nuna cewa idan aka ninka wannan nisa sau biyu, wahalar fara juya nauyin ko tsayar da shi tana ninkuwa sau huɗu. Saboda haka lissafin kilo, wanda shi ne hujjar masu suka na farko, ba ya faɗar duka gaskiyar aikin da jiki ke yi, domin tsawon ƙota da saurin juyi su ne rabin nauyin da sikeli ba ya gani.

Ita kuma kafaɗa, halittarta ta sha bamban da ta sauran gaɓoɓi. Kan ƙashin dantse dunƙule ne da ke zaune cikin wani ɗan gurbi marar zurfi a jikin allon kafaɗa, kuma rashin zurfin nan ne ya ba ta damar juyawa fiye da kowace gaɓa a jiki, shi ne kuma ya sa ta fi saurin gocewa. Abin da ke riƙe ta shi ne wasu ƙananan tsokoki huɗu da suka rungume gaɓar, tare da allon kafaɗa da ke zamewa a kan haƙarƙari don ya bi hannu duk inda ya nufa. Gaɓar da aka halitta don kewaye tana bukatar horon kewaye, amma yawancin atisayen gidajen ƙarfe turawa ne da jawowa a kan layi ɗaya miƙaƙƙe.

Wulwulawar da ta fi kowace nuna hikimar wannan fasaha ita ce cikakken kewaye da gada. Mai atisaye yana tsayawa ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗu, gada a tsaye a gabansa, hannu biyu a haɗe a ƙarshen ƙota daidai cibiya, dunƙulen kuma yana sama da kansa. Tun a wannan tsayuwa aiki ya fara, domin idanu da yatsu suna ta gyara gorar kada ta rinjaya. Daga nan sai ya karkatar da dunƙulen ta gefen kafaɗa ɗaya, ya ɗaga hannuwa su wuce saman kai su sauka har ƙeya, gwiwoyin hannu suna kallon sama. Wannan saukar hannu zuwa ƙeya ita ce mabuɗin atisayen baki ɗaya, kuma a nan ne sabon shiga ke kuskure, domin tsoro kan sa ya bar hannuwansa a sama da kai, sai nauyin ya fizge shi maimakon ya yi lilo.

Idan hannuwa suka sauka inda ya dace, dunƙulen yana faɗawa bayan mutum ya ratsa ta ƙasan ƙugu ya nufi ɗaya gefen da kansa, ba tare da an tura shi ba. A wannan ɗan lokaci aikin mai atisaye shi ne ya sassauta, ya bar yatsu su ɗan saki ba tare da ƙotar ta suɓuce ba, ya bar nauyin ya ja dantse ya buɗe ƙirji da hammata, yayin da ciki ke ɗaure don kada gadon baya ya lanƙwashe, ƙugu kuma yana ɗan kaucewa zuwa gefen da nauyin ba ya nan don jiki ya daidaita. A nan kafaɗa tana shan ja ne, saɓanin ɗaga ƙarfe sama da kai inda take shan danni, kuma tsokokin nan huɗu suna koyon riƙe ƙashi a gurbinsa alhali hannu yana can ƙarshen iyakar da zai iya kaiwa, wanda shi ne wurin da kafaɗar ɗan kokawa ta fi shiga hatsari idan abokin karawa ya murɗe ta.

Sai kuma dawowa, wadda ita ce ke raba gwani da ɗan koyo. Dunƙulen yana hawa ta ɗaya gefen yana rage gudu, har ya kai wani matsayi da yake kamar ba shi da nauyi, kuma a daidai wannan ƙiftawar ido ake jawo hannuwa ta saman kafaɗa zuwa cibiya da ƙarfin tsokokin gefen baya da na ciki, gada ta sake tsayawa cak. Wanda ya ja da wuri zai yi kokawa da nauyin da bai gama tafiyarsa ba, wanda ya makara kuma zai tarar nauyin ya fara komawa ƙasa. Gwani ana gane shi da rashin hayaniyar jiki: ƙafafunsa ba sa gusawa, fuskarsa ba ta yamutsewa, numfashinsa yana tafiya tare da lilon, yana shaƙa idan nauyin ya faɗa baya, yana fitarwa idan ya jawo. 'Yan jori na Indiya sun kai wannan ƙa'ida matuƙa, har akwai kulakan da ake kafe wa ƙusoshi a jiki don kada mai wulwulawa ya jingina su da bayansa ya saci sauƙi.

Maganar lalata kafaɗa kuwa ba ta bukatar dogon martani. Nauyin da ya fi ƙarfin mai shi yana ji masa ciwo ko da wane irin abu ne, kuma al'adar kanta ba ta taɓa miƙa wa yaro babban kulki ba sai ya daɗe a kan ƙarami. Wanda ke da tsohon rauni a kafaɗa likita zai fara gani kafin ya taɓa kulki ko ƙarfe. Gaskiya ne kulki ba ya gina ƙafafu sosai, amma 'yan akhara ba su taɓa cewa yana yi ba, shi ya sa suke haɗa shi da dand da baithak, wato dannawa ƙasa da hannu da tsugunne-tashi, waɗanda Gama, ɗan kokawar da ya karɓi kambun duniya a Landan a 1910, ya shahara da yin su da yawan gaske.

Babban abin da wannan fasaha ta riƙe, wanda gidajen ƙarfe suka yar, shi ne cewa ƙarfi yana da lokaci. Zurkhane ya fi ko'ina fito da wannan a fili. Ana shiga ta gajeriyar ƙofa da ke tilasta wa kowa sunkuyawa, a sauka cikin wani rami mai kusurwa takwas, sannan murshid, wato jagoran da ke zaune a wuri mai tudu da ganga da ƙararrawa, ya riƙa kiɗa yana rera baitocin mawaƙi Firdausi da yabon Sayyidina Aliyu, kowane mil yana tashi yana sauka a kan bugun gangar. Babu mai ikon yin gaggawa ko jinkiri, don haka mai ƙarfin da ba ya jin kiɗa ba shi da daraja a ramin. Bahaushe ba zai rasa gane wannan ba, domin a lugude ma macen da ta san lokacin sakin taɓarya da lokacin cafke ta ita ke daɗewa a bakin turmi, ba wadda ta fi kauri ba.

Don haka hukuncin da ya dace shi ne a daina tambayar kulki kilo nawa ne, a tambayi sau nawa aka kewaya da shi ba tare da tsari ya ɓaci ba. Ɗaga ƙarfe yana koya wa tsoka ƙanƙamewa, kuma yana da amfaninsa, amma kulki yana koya mata ƙanƙamewa da saki da sanin lokacin kowanne, wanda shi ne ƙarfin da ɗan kokawa da ɗan dambe da maƙeri suke aiki da shi. Gora da ɗan siminti sun isa a haɗa shi, ƙaramin fili ya isa a wulwula shi, kuma mai horarwar da ya bar shi a gefe ya hana ɗalibansa rabin tarbiyyar kafaɗa.