Zuru Ta Yi Zuru

Kwanan baya malaminmu na adabin baka ya ba mu aikin nazari a kan bukukuwan gargajiya, ni kuwa na zaɓi bikin Uhola na ƙasarmu. Da na rubuta kalmar Zuru a injin bincike na intanet, abin da ya fara yi mini maraba shi ne wani kamfanin kayan wasan yara mai wannan suna, wanda wasu 'yan'uwa mutanen New Zealand suka kafa. Garin da ke da masarauta guda a Jihar Kebbi, ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya tun 2020, ga sojojin da ya haifa ba iyaka, sai da na gangara ƙasa kafin na tarar da shi. Ban ga laifin mai kayan wasa ba, kasuwarsa yake ci. Abin da nake so mu tattauna shi ne yadda mu ɗalibai muka ɗauki jerin nan tamkar hukuncin alƙali.

Mai karatu, ya kamata mu san ma'aunin. A 1998 Larry Page da Sergey Brin, ɗalibai a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka kafa Google bisa wata dabara: shafin da wasu shafuka da yawa suka yi nuni gare shi, musamman manya, shi ke hawa sama. Wato dai ana ƙirga yawan masu ambaton mutum da girmansu. An ƙara ma'aunai da dama daga baya, amma injin bai taɓa zuwa Dabai ya tambayi dattijo ko abin da aka rubuta gaskiya ne ba.

Daga nan sana'ar da ake kira SEO ta bunƙasa, wato gyara shafi domin injin ya ɗaga shi. A ganina ƙwararren wannan sana'a maroƙi ne na zamani. Bahaushe ya san maroƙi iri biyu. Akwai mai fito da asalin mutum da aikinsa don jama'a su sani, akwai kuma mai wasa duk wanda ya miƙa masa kuɗi, ko da rago ne. A 2011 jaridar New York Times ta tona yadda aka dasa dubban nune-nune a shafuka marasa alaƙa domin kantin J.C. Penney ya zo na ɗaya. Google ta sauko da shi, amma bayan ya shafe watanni a sama. Ashe ke nan ma'aunin yana karɓar algus.

Duk da haka ba na cikin masu cewa sana'ar damfara ce zalla. Idan ɗan Zuru ya yi rubutu mai kyau a kan golmo, noman da saurayi ke yi wa surukansa har shekara 7 kafin a ba shi mata, yana bukatar wanda zai tsara masa take da kalmomi yadda mai nema zai same shi. Wannan aiki ya cancanci lada. Sai dai maroƙi ba ya wasa wanda ba a haifa ba. Galibin abin da aka sani game da Uhola da harshen C'lela yana bakin tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Saboda haka shawarata biyu ce. Duk abin da ya zo na ɗaya, mu tambayi wanda ya rubuta shi da kuma inda ya ji, kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi. Sa'an nan wannan hutu kowa ya tafi gida da alƙalami da na'urar ɗaukar murya. Ni dai na riga na aika wa kakata cewa ina tafe, ta tanadar mini labarin Uhola na zamanin ƙuruciyarta.

Allah ya sa mu dace.